Martani: Kai Yara Bakin Teku Ba Almubazzaranci Ba Ne

Makonni biyu da suka wuce wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala a wannan shafi, yana jan kunnen magidantan da suka fara kwasar iyalinsu a dogon hutun makaranta suna zuwa garuruwan bakin teku. Hujjojinsa huɗu ne. Ya ce almubazzaranci ne a lokacin da kwanon masara ke gagarar talaka. Ya ce ƙananan yara ba za su tuna komai ba, saboda haka asarar kuɗi ce kawai. Ya ce teku halaka ne ga ɗan Arewa da bai iya iyo ba. Sannan ya ce bakin teku dandalin tsiraici ne da shashanci, kuma ɗabi'ar zuwa can aro ce daga Turawa. Ya rufe da cewa duk mai son yi wa 'ya'yansa gata ya kai su ƙauye su gai da kakanni.

Malam, na karanta rubutunka har sau biyu, kuma ban ga mugun nufi a cikinsa ba. Kishin tarbiyya da tausayin talaka ne suka sa ka ɗauki alƙalami. Amma ina ganin ka yanke hukunci a kan abin da ka hango daga nesa, ni kuwa na je na taka. Ni malamin makaranta ne a Zariya, albashi nake jira kamar kowa. A watan Agustan bara na ɗauki uwargida da yaranmu uku, mai shekara tara da mai shida da autarmu mai uku, muka yi kwana biyar a Badagiri ta Jihar Legas, kusa da kan iyakar Seme. Da abin da na gano can zan amsa maka, ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da kuɗi. Gaskiya ka faɗa, rayuwa ta yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, komai ya bi bayansa. Duk wanda ake binsa kuɗin makaranta ko na haya, ko wanda tukunyar gidansa ba ta hawa murhu kullum, ni ma zan ce masa ya zauna. Cin bashi don yawon buɗe ido wauta ce. Sai dai almubazzaranci shi ne zuba dukiya inda ba ta da amfani, ba yawan kuɗin ne ma'auni ba. Mu adashi muka shiga na wata goma sha ɗaya. Uwargida ta riƙa ware wani abu daga ɗinkinta, ta haƙura da ankon biki biyu, ni kuma na haƙura da sauya waya. A hanya gidan 'yan'uwa muka kwana a unguwar Sabo ta Ibadan. A Badagiri ɗaki ɗaya muka kama a ƙaramin masauki. Mun tafi da guzurinmu na dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da yaji, can kuma muka riƙa sayen ɗanyen kifi daga hannun masunta da kwakwa, wadda garin ya yi suna a kanta. Abin da muka kashe duka bai kai abin da na sha gani ana ƙonewa a daren dina guda ba. Ban ga ka ambaci wannan ba, ban ga ka ambaci akwatunan lefe da ake gasa a kansu ba. Me ya sa sai kuɗin da uba ya kashe don ya zauna da 'ya'yansa ne za a kira ɓarna?

Hujjarka ta biyu ita ta fi tsaya mini a rai, domin ita ce tushen saɓaninmu. Na yarda cewa yawancin mutane ba sa iya tuna abin da ya faru kafin su cika shekara uku. To amma da tunawa ce ma'aunin amfani, da ba a yi wa jariri kiran salla a kunne ba, da uwa ba ta yi masa tawai da waƙar reno ba. Wa yake tuna ranar da ya fara tatata? Ga shi duk muna tafiya. Masana sun nuna cewa kafin yaro ya cika shekara biyar ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. Abin da ya gani, ya taɓa, ya ɗanɗana a waɗannan shekaru shi ne tubalin da ake gina hankalinsa da shi, ko da labarin ya ɓace masa.

Ranar da muka fara isa gaɓa, Auta ta ji rugugin igiyar ruwa sai ta cusa kai cikin hijabin uwarta, ta ƙi ko leƙe. Ba mu matsa mata ba. Kashegari ta yarda ta tsaya a kan jiƙaƙƙen rairayi, hannunta cikin nawa, kumfa ya zo ya shafi ƙafarta ya koma. A rana ta uku ita ce ke jan hannuna. Ta dangwala yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska ta ce, “Baba, miya ce?” Ban sani ba ko za ta tuna wannan in ta girma. Abin da na tabbata shi ne a kwana uku ta koyi yadda ake tunkarar abin tsoro sannu a hankali, da hannun wanda aka amince da shi.

Shi kuwa mai shekara shida, gidan yashi ya gina da safe, da katanga da zaure. Da muka koma bayan azahar ruwa ya cinye shi. Ya yi kuka, sannan ya tambayi wanda ya turo ruwan. Nan na zauna na bayyana masa cewa teku yana cika ya janye sau biyu a kowace rana, kuma wata ne ke jansa, watan nan da muke dubawa don azumi da salla. Ya kafa kara a yashi, ya yi ta komawa yana duba inda ruwa ya kai. Shekara nawa ina koyar da irin wannan darasi a allo da alli, ban taɓa ganin ya zauna a kan yaro kamar yadda ya zauna a ranar ba. Gani ya kori ji.

Babbar kuwa tun a hanya karatunta ya fara. Da muka hau gadar Kogin Kwara kafin Lakwaja, inda yake haɗuwa da Binuwai, na gaya mata cewa a cikin wannan ruwa akwai na Galma da ke bayan garinmu, domin Galma a Kogin Kaduna yake zuba, Kaduna ya zuba a Kwara, Kwara kuma ya gangara teku. A Badagiri na ƙara mata da cewa iskar da ke kawo mana hadarin damina daga wannan Teku na Atlantika take tasowa. Ta yi shiru, can ta ce, “Ashe ruwanmu ne yake zuwa ya dawo.” Malam, gero da dawar da muke ci daga wannan teku ruwansu ke zuwa. Ƙasarmu tana da gaɓa mai tsawon kilomita fiye da 800. Ta yaya za a ce ɗan Zariya ko ɗan Katsina baƙo ne a wurin?

Akwai kuma ribar da ban yi lissafinta ba sai da uwargida ta nuna mini. A dare na huɗu, yara sun yi barci, ta ce, “Baban yara, ka lura tun da aka haifi Auta ba ka taɓa yin kwana biyar a jere kana cin abinci kwano ɗaya da su ba sai yanzu?” Maganar ta shige ni, domin gaskiya ce, kuma ba ni kaɗai ba ne. Da yawanmu mukan fita yara na barci, mu dawo daga majalisa sun yi barci. Hutun ƙauyen da ka ba da shawara, mu faɗa wa juna gaskiya, sau da yawa uwa ake turawa da yara, uba ya sauke su ya juyo gari. Ita kuma can aikinta ƙaruwa yake yi. A bakin teku babu majalisa, babu shago, babu wanda zai aiko a kira ka. Kai ne mai goyo, kai ne mai wanke ƙafa, kai ne mai amsa tambaya. Ko da yaran sun manta da launin ruwan, sun san ubansu fiye da da, ni ma na san su.

Sai batun haɗari. A nan ba zan rage maka komai ba, zan ma ƙara. Igiyar ruwan gaɓar Legas tana da ƙarfi ƙwarai, musamman a watannin damina, kuma akwai wuraren da ruwa ke ja zuwa ciki ta ƙarƙashi, har gwanin iyo yana iya gazawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kai. Amma ina 'ya'yanmu na Arewa suke nutsewa? A kududdufan unguwa, a rijiyoyin da ba murfi, a ramukan da magina suka haƙa ruwan sama ya cika, a kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da kima babu rigar ruwa ko ɗaya. Kowace damina sai mun ji irin wannan labari, a garuruwan da ke da nisan kilomita ɗaruruwa daga teku. Rashin sanin ruwa da sakacin manya su ke kashe yara, kuma ɓoye musu ruwa ba ya maganin ko ɗaya.

Mu dokoki muka kafa tun daga gida. Ba wanda zai shiga jirgin ruwa sai da rigar ruwa a jikinsa, in babu daidai ta yaro mun fasa. Ruwa ba zai wuce idon sawu ba. Ƙananan biyu kowanne hannunsa cikin na babba, babbar kuma ba ta wuce inda hannu zai kai gare ta. Ba a juya wa teku baya. Waya tana cikin jaka muddin yara na kusa da ruwa. Kafin mu zaɓi wurin zama sai mun tambayi masunta, domin su suka san inda ruwa ke ja. Mun tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi da gishirin gudawa, ruwan sha kuma sai wanda muka amince da shi. Da muka dawo Zariya, mai shekara shidan nan shi ya fara tsayawa a kan maganar rijiyar maƙwabta ya ce a rufe ta saboda Auta. Tsoron ruwa irin na mai ilmi ya koyo, wanda ya fi tsoron jahilci amfani.

Na zo kan hujja ta huɗu. Ban musa ba, akwai wuraren shaƙatawa a bakin teku da ni ma ba zan kai iyalina ba, musamman a ranakun Asabar da Lahadi da yamma, lokacin kiɗa da shaye-shaye. Amma irin waɗannan wurare akwai su a Kano da Kaduna da Abuja, ba mu ce a daina shiga garuruwan ba. Zaɓen wuri da lokaci aikin uba ne. Mu da sassafe muke fita a ranakun aiki. Waɗanda muke tararwa masunta ne 'yan ƙabilar Egun, suna jan koma a layi da waƙarsu, da mata masu jiran kifi da kwanduna. Uwargida da hijabinta take zaune ƙarƙashin bishiyar kwakwa, ba wanda ya ɗaga ido ya dube ta. Garin yana da masallatai da Musulmi masu yawa. Mun yi sallarmu ta ƙasaru, wani lokaci a kan rairayi. Babbar 'yata tana haddar surorin da suka ambaci teku da jiragen ruwa da haɗuwar ruwan daɗi da na gishiri, ta san ƙissar Annabi Nuhu da ta Annabi Yunusa da ta Annabi Musa. A Badagiri ta tsaya tsakanin tafkin da garin ke bakinsa da babban teku, ta ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Ban ga abin da ya ragu a tarbiyyarta ba, sai ma tasbihi da na ji tana yi ba wanda ya sa ta.

Cewa kuma tafiya aro ce, wannan tarihinmu bai yarda ba. Kakanninmu fatake ne. Da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, suka san Ikko tun kafin a shimfiɗa kwalta. Unguwar Sabo ta Ibadan da muka kwana an kafa ta tun 1916, ga Agege, ga zangunan Gana. Mu ne masu cewa tafiya mabuɗin ilmi, har Abubakar Imam ya sa wa littafin tafiyarsa Ingila wannan suna. Abin da yake sabo shi ne a tafi da mata da yara don su ma su gani, kuma wannan gyara ne.

Badagiri kanta tana da igiyar da ta ɗaure ta da Arewa. Daga nan Bature matafiyi Kyaftin Clapperton ya taso a ƙarshen 1825, ya bi ta Zariya da Kano ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can Clapperton ya mutu a watan Afrilun 1827. Babbar hanyar da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, mai tsawon kilomita 1,068, Sakkwato da Badagiri za ta haɗa. Kuɗin wuri da aka yi ciniki da su a Kasuwar Kurmi, yawancinsu daga tsibiran Tekun Indiya jiragen Turawa suka kwaso su, suka sauke a tashoshin wannan gaɓa, sannan suka hauro Arewa. Kalmar “kuɗi” ma jam'in “wuri” ce. Yarana suna tsintar ƙumba a yashi na ba su wannan labari, suka cika aljihu suna cewa sun yi arziki.

Akwai kuma tarihi mai ɗaci. A garin akwai kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, wanda shi kansa an bautar da shi yana yaro, daga baya ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Ɗakuna ne ƙanana masu duhu, har yanzu ana nuna sarƙoƙi da mari. Ƙananan biyu na bar su waje da uwarsu, domin ba kowane abu ne ya dace da kowace shekara ba. Babbar kaɗai na shiga da ita. Daga nan muka haye tafki zuwa tsibirin Gberefu, muka bi hanyar yashin da aka riƙa kora bayi a kai har bakin teku, wurin da ake kira mashigar da ba a komowa. Ta tambaye ni, “Baba, har da Hausawa?” Na ce har da su. Na gaya mata an kai da yawansu Bahia ta ƙasar Barazil, inda suka shirya tawaye a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka yi babban bore a 1835. Na kuma gaya mata cewa ba Turawa kaɗai ke da laifi ba, akwai hannun mutanen ƙasarmu a kamawa da sayarwa. Ta riƙe hannuna har muka koma jirgi ba ta ce uffan ba. Yarinyar da ta taka wannan yashi ba za ta ɗauki wulaƙanta ɗan Adam abin wasa ba. In wannan shashanci ne, Malam, to mene ne karatu?

Game da ƙauye da kakanni, bakinmu ɗaya. Zumunta a ƙafa take, kuma yaron da bai san gidan kakansa ba an cuce shi. Sai dai ban ga dalilin da zai sa a ce sai ɗaya ba. Dogon hutu ya fi wata guda, mu kwana tara muka yi har da hanya. Ziyarar 'yan'uwanmu na Sabo, waɗanda yarana ba su taɓa gani ba, ita ma zumunci ce. Da muka dawo, ƙauye muka wuce da tsarabar kwakwa da busasshen kifi. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa ganin teku ba, ta zaunar da jikokinta a tabarma suna ba ta labari har aka kira isha. Ranar su ne masu tatsuniya, ita ce mai sauraro.

Ba na cewa kowa sai ya je Badagiri. Hanyoyinmu suna da matsalar tsaro, dole a yi tambaya, a yi tafiyar rana, a kauce wa inda ake shakka. 'Yan'uwanmu na Gana suna da Elmina, na Kamaru suna da Kiribi. Wanda teku ya yi wa nisa ko tsada, ga Madatsar Tiga, ga Yankari, ga Dutsen Dala da Kufena. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da nake karewa shi ne haƙƙin yaro ya ga ƙasar Allah da idonsa, ubansa da uwarsa na gefensa.

Saboda haka, Malam, ina roƙonka ka sassauta hukuncinka. Ka ja kunnen masu cin bashi don burga, ka ja kunnen masu sakaci da yara a bakin ruwa, zan tsaya a bayanka. Amma kada ka sa magidancin da ya yi tanadi da guminsa ya ji kunyar nuna wa 'ya'yansa teku. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, wanda Allah ya hore wa, ya fara ajiya tun yanzu, ya shirya da kyau, ya riƙe hannun yaransa ya kai su. Ƙuruciya ba ta jira, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.